Hayar jirgi don kamun manyan kifaye a tekun Zanzibar: amsa ga wani Alhaji daga Gombe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Gombe ne, na daɗe ina zuwa Dadin Kowa da fatsa a ranakun hutu. Mu huɗu ne, ni da ƙannena biyu da abokina, muna shirin zuwa Zanzibar a watan Afrilu saboda an ce masauki yana araha a lokacin. Mun ga ana tallar jiragen ruwa da mutum zai ɗauka haya shi da mutanensa kawai, a kai su tsakiyar teku su kama kifin da ya fi mutum nauyi. Shin abin ya kai kuɗinsa? Me za mu duba kafin mu biya? Sannan ɗaya daga cikin ƙannena yana cewa kamun kifi don nishaɗi bai dace da addini ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ni ma a bakin Gongola na fara riƙe fatsa, daga baya karatun harkar kifi ya kai ni gaɓar Afirka ta Gabas, na yi aiki a kan irin waɗannan jiragen da kuka gani ana talla. Don haka zan gaya maka abin da zan gaya wa yayana.

Ku canza watan tafiya. Arahar masaukin Afrilu tana da dalili: lokacin ne ruwan sama mai yawa yake sauka a Zanzibar, daga ƙarshen Maris har zuwa Mayu, teku ta yi fushi, wasu masu jirage ma su ja jiragensu kan tudu don gyara. Idan kun je a lokacin, abin da zai fi yiwuwa shi ne ku zauna a ɗaki kuna jiran ranar da kyaftin zai yarda ya fita, ko kuma ku haɗu da wanda zai yarda ya fita da ku a ranar da bai kamata ba, wanda ya fi muni.

Iskoki biyu ne suke juya rayuwar masuntan can. Akwai kaskazi, mai busowa daga arewa maso gabas, daga wajen Disamba zuwa Maris. Akwai kusi, mai busowa daga kudu maso gabas, wadda take farawa bayan haka ta kai har wajen Satumba ko Oktoba, kuma ta fi ƙarfi a tsakiyar shekara. Kifin da kuka gani a hotuna, mai dogon baki kamar mashi, sunansa malin, kuma shi da ɗan'uwansa mai tuta a gadon baya, wanda Turawa ke kira sailfish, sun fi samuwa a lokacin kaskazi, daga Nuwamba zuwa Maris. Tuna mai rawayan fiffike, wanda mutanen can ke kira jodari, ya fi zuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Da ni zan zaɓar muku, Satumba ko Oktoba zan ce. Kusi ta fara lafawa, tuna yana nan garke-garke, kuma kifi ne da za ku kama ku ci. Wanda bai taɓa hawa teku ba ya fi more ranar da ƙugiya ta kama sau biyar ko shida da ranar da ya yi sa'a takwas yana jiran malin guda ɗaya wanda wataƙila ba zai zo ba.

Inda za ku sauka ma yana da tasiri. Ruwan da ke tsakanin babban tsibirin, Unguja, da gaɓar Tanzaniya ba shi da zurfi sosai, kuma manyan kifayen nan ba sa zama a irin wannan ruwa. Zurfin yana arewa, wajen mashigin tsibirin Pemba, inda ƙasan teku ke faɗawa ɗaruruwan mitoci ba da nisa da gaɓa ba. Shi ya sa yawancin jiragen wannan sana'a suke tashi daga Nungwi, a ƙarshen arewacin Unguja, tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi a mota daga tsohon birnin Zanzibar. A arewa da Nungwi akwai wani tudu a ƙarƙashin ruwa da ake kira Leven, inda ruwa mai gudu yake bugun tudun ya taso da abinci sama, ƙananan kifaye su taru, manya su biyo su. Idan kuka sauka a gabashin tsibirin, irin su Paje ko Jambiani, ku sani ruwa yana janyewa nesa da gaɓa sau biyu a yini, kuma sai kun tashi cikin dare kafin ku iso Nungwi da asuba. Ku kwana kusa da jirgin a daren da za ku fita.

Yanzu ga yadda aikin yake, domin ya sha bamban da abin da ka saba. A Dadin Kowa kana zaune wuri ɗaya, ka sa tana ko ɗan kifi a ƙugiya, ka jira tarwaɗa ko giwan ruwa su zo. A teku jirgi ba ya tsayawa. Yana tafiya a hankali, kamar kilomita 12 zuwa 15 a sa'a, yana jan zare biyar ko shida a bayansa, kowanne da nisansa. A gefuna biyu na jirgin akwai dogayen sanduna da ake buɗewa kamar fukafukai don su raba zarurrukan kada su harɗe. Koton yawanci na roba ne, mai kai mai nauyi da geza masu launi, yana nutsewa yana ɓullowa yana barin kumfa a bayansa; wani lokaci kuma kifi ne na gaske da aka ɗinke wa ƙugiya yadda zai riƙa iyo kamar mai rai. Kyaftin yana sama, idonsa a kan abubuwa uku: tsuntsaye, launin ruwa, da na'urar da ke nuna zurfi. Idan ya hango tsuntsaye suna faɗawa ruwa a wuri ɗaya, tuna ne ya koro ƙananan kifaye sama. Idan ya ga gungumen itace yana yawo, zai zagaya shi, don dorado, wani kifi mai launin zinariya da kore, yana son fakewa a ƙarƙashin duk abin da ke iyo. Gwanin kyaftin ba ya kutsawa tsakiyar garke, sai ya bi ta gefe ya bar zarurrukan su ratsa ta gabansa. Wanda ya tuƙa kai tsaye cikin tsuntsayen ya kore kifin ƙasa, kuma daga nan za ka gane wanda ka ɗauka.

Idan kifi ya kama, ba sai an gaya maka ba. Injin naɗe zaren zai yi ƙara, zare yana fita da gudu. A nan ne masu fatsar gida suke yin kuskure, don hannunka ya saba da fizga da riƙe zare. Kada ka taɓa zaren da hannu, zai yanka ka. Kada kuma ka ƙara matse birkin injin don ka tsayar da kifin. Ma'aikatan jirgin sun riga sun saita shi a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, domin idan kifi ya ja fiye da haka zare ya riƙa zamewa maimakon ya tsinke. Da wannan dabara ce zare mai ƙarfin laba 50, wato kusan kilo 23, yake kawo kifin da ya ninka haka sau uku ko huɗu. Kifi yana gudu, ka bar shi ya gudu. Ya tsaya, ka ɗaga sanda a hankali, ka sauke ta kana naɗewa, ka sake ɗagawa, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Abu ɗaya da ba a yafewa shi ne zare ya saki; daƙiƙa biyu sun isa ƙugiya ta fita. Idan kifin babba ne za a zaunar da kai a kujerar da aka kafe a bayan jirgi, a ɗaura maka ɗamara a ƙugu wadda aka maƙala wa injin, ƙafafunka su yi aikin, ba hannuwa ba.

Kowane kifi da halinsa. Malin da mai tuta suna tsalle sama, su yi ta girgiza kai don su jefar da ƙugiya, kuma wannan tsallen ne mutane ke biyan kuɗi su gani. Wahu, wani dogon kifi siriri, gudu ɗaya yake yi mai tsanani sannan ya gaji, amma haƙoransa suna yanke zare, sai da wayar ƙarfe. Tuna ba ya tsalle. Nutsewa yake yi ƙasa ya kwanta a gefensa yana zagaye a ƙarƙashin jirgi, kana samun mita biyu yana ƙwace ɗaya. Tuna mai kilo 30 zai ba ka aikin da giwan ruwa mai irin nauyinsa ba zai ba ka ba, saboda jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi kuma tsokarsa ba ta saurin gajiya. Idan ka ji bayanka ya gaza, ka miƙa wa ƙaninka sanda. Ƙungiyar IGFA, wadda aka kafa a 1939 take ajiye tarihin manyan kamu na duniya, ita ce ke cewa mutum ɗaya ne zai yi kokawar daga farko har ƙarshe, kuma wannan ya shafi masu neman shiga kundinta ne kawai. Baƙin malin mafi nauyi a kundin, mai laba 1,560, Alfred Glassell ne ya kama shi a gaɓar Peru a 1953, kuma har yau ba a wuce shi ba. Na kawo wannan ne don ku auna hotunan talla da shi: irin waɗancan ƙattin ba kullum suke zuwa ba, ko ga waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kan ruwa.

Batun ko ya kai kuɗinsa. A wurinku, ku huɗu, hayar jirgin gaba ɗaya ta fi ku shiga cikin baƙi. Kuɗin jirgi ɗaya ne ko mutum ɗaya ya hau ko huɗu, don haka raba shi za ku yi. A jirgin haɗaka layi ake bi, kuma idan ƙugiya ta kama sau biyu a yini, mutum shida ba za su samu duka ba. A naku kuwa ku ke da ikon cewa a juya gida idan wani ya galabaita, ku ce ba kwa son giya a cikin jirgi, ku tsara fita da dawowa daidai da lokacin salla. Kuɗin yana da yawa: rabin yini yana cin ɗaruruwan daloli, cikakken yini a babban jirgi mai inji biyu yana iya haura dubu. Babban abin da ke cinye kuɗin shi ne mai. A nan ne tarkon araha yake. Samarin da za su tare ku a bakin ruwa su ce za su kai ku a kan rabin farashi ba ƙarya suke yi ba, za su kai ku, amma a ƙaramin kwalekwale mai inji ɗaya, su tsaya kusa da gaɓa inda mai ba zai ƙare ba, ku kamo ƙananan kifayen duwatsu. Fita ce mai daɗi ga wanda ita yake nema. Amma ba ita kuka tambaya ba, kuma irin wannan kwalekwale bai kamata ya je inda malin yake ba.

Ku fara da rabin yini. Idan jikinku ya ɗauka, ku ƙara cikakken yini kwana biyu bayan haka. Kuma ku sa ranar fita a farkon zamanku a tsibirin, don idan iska ta hana a samu ranar da za a mayar.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi magana da kyaftin ɗin kansa, ba dillali ba. Tambaye shi me aka kama a makon da ya wuce. Mai gaskiya zai gaya maka har da ranar da suka dawo hannu rabbana. Wanda ya ce maka tabbas za ka kama malin, ka bar shi. Tambaye shi inji nawa ne a jirgin, domin inji ɗaya idan ya mutu a nisan kilomita 30 daga gaɓa, ruwan can yana gudu zuwa arewa kuma ba ya jiran kowa. Tambaye shi rediyon kiran agaji, da rigunan ceto adadin mutanen da ke ciki, da rumfa, da banɗaki. Mu da muka sha jin labarin kifewar jirage a kogunanmu saboda lodi da rashin rigar ceto bai kamata mu ji kunyar cewa a nuna mana su kafin a kunna inji ba. Ka nemi a rubuta maka ko farashin ya haɗa da mai, da koto, da abinci, da izinin kamun kifi, da kuma abin da zai faru da kafin alƙalaminka idan kyaftin ya soke fita saboda yanayi. Idan shi ya soke, ko a mayar da rana ko a mayar da kuɗi. Kuma idan ya ce yau ba a fita, kada ku matsa masa, ko da sama ta yi muku kyau daga bakin ruwa.

Abin da ya fi ɓata wa mutanenmu wannan tafiya shi ne jiri da amai. Igiyar tafki gajeriya ce, tana bugun kwalekwale ta wuce. Ta teku doguwa ce, tana ɗaga jirgi gaba ɗaya ta sauke shi, ba hutawa, ga warin man dizal. Na ga ƙarfafan maza sun kwanta tun ba a yi sa'a ɗaya ba. Ba ragwanta ba ce, kunnen ciki ne yake jin motsi ido kuma bai gani ba. Ku je wurin mai magani tun a Gombe ku nemi maganin jirin tafiya, irin su Stugeron, a sha kamar sa'a biyu kafin hawa, domin idan amai ya fara ba ya aiki. Yana sa barci, kuma mai shan maganin hawan jini ko wani ciwo ya fara tambayar likitansa. Ku yi barci sosai, ku karya da abu mara maiƙo, kada ku hau da yunwa. A cikin jirgi ku tsaya a sarari kuna kallon inda sama ta haɗu da ruwa, ku bar duba waya, kada ku shiga ɗakin ƙasa. Citta tana taimaka wa wasu. Rana kuma kada ku raina ta don kun fito daga Gombe: a kan ruwa daga sama take dukanka kuma ta dawo daga ƙasa, iska tana hana ka jin zafinta. Riga mai dogon hannu, hula mai igiya, tabarau, da ruwan sha mai yawa. Babbar riga da duk wani abu mai lilo a bar su a masauki, don suna kama ƙugiya.

Maganar ƙaninka tana da tushe, kada ku yi masa dariya. Abincin teku halal ne. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta faɗi haka, kuma hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Amma Risala, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, ta ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Don haka tambayar ita ce ina kifin zai je. A nan akwai abin da baƙi da yawa ba su sani ba sai an dawo gaɓa: a al'adar jiragen can, kifin da aka kama na jirgi ne. Ana yankar wa baƙo abin da zai ci, sauran ma'aikata su raba ko su sayar. Ku yi wannan magana tun kafin fita. Tuna, dorado, wahu da wani ɗan'uwansa da mutanen can ke kira nguru duk ci ake yi, babu wanda ake zubarwa, kuma iyalan ma'aikatan suna amfana. Idan kun fita da niyyar kamo abin da ku da su za ku ci, kun fita kamun kifi ne kamar kowane masunci.

Malin da mai tuta su ne inda maganar take da nauyi, domin yawancin jiragen kirki sakinsu suke yi. Ana jawo kifin gefen jirgi, a maƙala masa 'yar alama mai lamba don masu bincike su san inda yake zuwa, a cire ƙugiya, a riƙe bakinsa jirgi yana tafiya a hankali har ruwa ya ratsa ta cikinsa ya farfaɗo, sannan a sake shi. Dalilin shi ne manyan malin kusan duk mata ne, namijin shuɗin malin da wuya ya wuce kilo 160, don haka duk ƙaton da aka rataye don hoto uwa ce mai ɗauke da miliyoyin ƙwai. A ra'ayina, idan malin ya kama ƙugiyar da aka jefa wa tuna, sakinsa shi ne daidai, kuma a yi shi da sauri: zare mai ƙarfi don kada kokawar ta yi tsawo, ƙugiya mai lanƙwasa ciki wadda take kama gefen baki ba ciki ba, kuma kada a ɗago shi cikin jirgi don hoto. Amma fita da nufin wahalar da dabba sa'a biyu don a ɗauki bidiyo a sake ta, wannan ya yi kusa da wasan da Risala ta ambata, kuma ina ganin ƙaninka yana da hujja a kansa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na ce ku zo lokacin tuna. Ku kai wa malaminku maganar a haka, da bayanin yadda ake yi, ya yanke muku.

Salla ba ta da wahala. Jirage suna tashi da sassafe, don haka asuba a ƙasa za ku yi ta, kuma mai rabin yini yana dawowa cikin lokacin azahar. Idan cikakken yini ne za ku yi ta a cikin jirgi, a tsaye idan an iya, a zaune idan igiyar ruwa ta hana. Ku tuna alƙibla daga Zanzibar kusan arewa sak take, ba gabas ba. Mutanen tsibirin galibinsu Musulmi ne, ma'aikatan jirgin da kansu za su nuna muku.

Ku sa ido kan yadda ake kula da kifin bayan an kama shi. Tuna yana fitowa da zafin jiki saboda kokawa. Dole a zubar da jininsa nan take, a cire kayan ciki, a binne shi a ƙanƙara. Idan aka bar shi a rana, namansa yana tara wani sinadari da ke kawo jan fuska, ƙaiƙayi, ciwon kai da gudawa jim kaɗan bayan ci, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Jirgin da ya fita babu ƙanƙara bai shirya kama tuna ba. Babban barakuda kuma, wani dogon kifi mai kaifin haƙora, ku bar shi, domin manyan kifayen da ke farauta a kan duwatsun murjani suna iya ɗaukar wata guba da wuta ba ta yi mata komai. Yawancin masaukai suna karɓar kifin baƙo su gasa masa da dare idan an sanar da su da wuri. Ku manta da batun kawo shi Gombe.

Takardu kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku nemi bizar Tanzaniya tun kuna gida, da isasshen lokaci, kada ku dogara da samunta a filin jirgi. Ku riƙe katin rigakafin shawara. Tun Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta tafiya, wadda aka fara a kan dala 44 ga kowane mutum, kuma ana sayenta ta intanet kafin a tashi. Sannan ku ware wani abu daban na ma'aikatan jirgi, wajen kashi goma cikin ɗari na kuɗin haya, ku ba su hannu da hannu bayan an dawo, ko an kama kifi ko ba a kama ba. Su ne suka tashi tun kafin asuba suka ɗinka koto, su ne kuma za su kama ƙarshen zare da safar hannu lokacin da kifi ya iso gefen jirgi, wanda shi ne wuri mafi haɗari a aikin gaba ɗaya. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.